Girman Gari Ko Nauyin Aljihu: Me Ke Cin Kofin Makarantu?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ɗakunan kwananmu, musamman daren da aka ɗauke wuta, kowa ya fito da tabarmarsa waje shan iska. Da zarar ɗan Birnin Kebbi da ɗan Argungu sun zauna wuri ɗaya, ba a jimawa sai zancen tamaula ya taso. Na Birni ya ce su ne hedkwatar jiha, su ke da yawan jama'a da yawan makarantu da babban filin wasa na Haliru Abdu, saboda haka kofin makarantun sakandare nasu ne ko ba a buga ba. Na Argungu ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Can sai wanda ya yi makarantar kuɗi ya yi murmushi, ya ce duk su huta, zamanin makarantar Gwamnati ya riga ya wuce.

Mun daɗe muna sauraron wannan musu muna dariya, amma da muka zauna muka auna shi, sai muka ga ya fi ƙarfin raha. A ƙarƙashinsa akwai tambayar ko ɗan talaka na ƙaramin gari yana da sauran fagen da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan mai hali. Ra'ayinmu shi ne, yawan jama'a da kuɗi kowanne yana da ranarsa, amma abin da ke raya ƙwallon makaranta shi ne gari ya ɗauki makarantar tasa ce, ya tsare mata fili da malami da lokaci, kana hukuma ta shimfiɗa ƙa'idar da za ta hana babba danne ƙarami.

Bari mu fara da maganar yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi mutum fiye da dubu 260, ta ba ta Argungu kimanin dubu 200. Tun daga 1991 da aka ɓallo Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birni yake ta kumbura da ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi. Ko shakka babu, inda yara suka fi yawa nan aka fi sa ran samun gwanaye. Amma fa ba gari ke shiga fili ba, makaranta ce, kuma mutum goma sha ɗaya kaɗai take fiddawa. A babban birni yaran sun rarrabu cikin makarantu barkatai, gwani ɗaya a nan, biyu a can. Iyaye da yawa aiki ne ya kawo su, ranar Juma'a da la'asar sai kowa ya kama hanyar garinsu. Idan makaranta ta ci wasa, unguwar da ke bayan katangarta ma ba ta da labari. A gari irin Argungu kuwa, idan aka ce Kwalejin Kanta za ta buga, da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da ɗa ko ƙane ko tsohon ɗalibi a cikinta. Tela da mahauci da ɗan kabu-kabu duk suna jin wasan nasu ne. Yaron da ya san kawunsa na tsaye bakin layi yana kallonsa, ba ya buga wasan ganin dama.

Duniya ma ta sha nuna mana haka. A 2016, ƙasar Aisalan, wadda jama'arta duka ba su kai na waɗannan ƙananan hukumomi biyu a haɗe ba, ta fitar da Ingila da ci 2 da 1 a gasar ƙasashen Turai. Ta je gasar cin kofin duniya ta 2018, inda Ahmed Musa ya zura mata ƙwallo biyu muka yi ta murna, muka manta da tambayar yadda aka yi ƙasa ƙanƙanuwa haka ta iso wurin. Ba tsafi ba ne: filaye masu rufi suka gina saboda sanyi, suka horar da masu koyar da yara har cikin ƙananan garuruwa. A watan Oktoba na 2025 tsibiran Kap Barde, masu jama'a ƙasa da dubu 600, suka sami shiga gasar duniya ta 2026, alhali kuwa Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta faɗi a hannun Kongo a bugun daga kai sai mai tsaron gida a watan Nuwamba. Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma sai yawan da aka ɗaure shi tamkar tsintsiya.

Ba ma sai mun ƙetare teku ba. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa kamun kifi don ƙarfafa zumunci bayan doguwar gaba, wannan gari yake tara dubban masunta a Matan Fada, kowa da gorarsa da komarsa, ga kokawa da dambe da tseren jiragen ruwa. A 2016 Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Babu kwalejin da ta koya wa waɗannan samari nutso. Gari ne ya ɗauki abin nasa, ya sa masa lokaci, ya naɗa masa shugabanni irin su Sarkin Ruwa, uba ya koya wa ɗa. Garin da ya iya wannan, ba za a ce ya yi ƙanƙanta da fitar da yara goma sha ɗaya ba.

Sai batun makarantar Gwamnati da ta kuɗi, wanda shi ne ya fi zafi. Tarihin tamaula a ƙasar nan daga farfajiyar makaranta ya taso. Kwalejin St. Finbarr's da ke Legas, wadda wani limamin Kirista ɗan Ayalan, Fada Slattery, ya kafa a 1956, ita ta yaye Stephen Keshi da Henry Nwosu da Samson Siasia, kuma gasar makarantun Legas ce ta gasa su. A 1977 Kwalejin Christ the King ta Onitsha ta ciwo kofin makarantun duniya a birnin Dublin, a lokacin kuwa Gwamnati ke riƙe da ita. Shekara takwas bayan haka, watau 1985, yaran Nijeriya suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin, suka ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. Abin da waɗancan makarantu suka yi tarayya a kai shi ne fili mai faɗi, da shugaban da ke fitowa da kansa kallon atisaye, da tsofaffin ɗalibai masu kishi. Sunan mai makarantar bai taɓa zura ƙwallo a raga ba.

To, me ya sami makarantar Gwamnati? Ruwa ba ya tsami banza. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da ɗalibai fiye da abin da aka shirya wa. Matsin tattalin arzikin da ya zo da shirin gyaran fuska na 1986 ya tsuke aljihun Ma'aikatar Ilmi, kuma kowa ya san idan kuɗi suka gaza, kason wasanni ake fara yankawa. Makarantun kwana da yawa suka koma jeka-ka-dawo, lokacin wasan la'asar ya bi ruwa. A wasu wuraren an ci gefen fili da sababbin azuzuwa, a wasu an mai da shi hanyar babura. Malamin wasanni aka ɗora masa darussa biyu ko uku don ƙarancin malamai. Daɗin daɗawa ga rashin tsaro: tun sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, uba kan yi tunani sau biyu kafin ya bar ɗansa ya hau mota zuwa wasa a wani gari. Wa zai ga laifinsa?

Makarantun kuɗi kuwa iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ke rikita gardamar. Mafi yawansu gidajen haya ne da aka mai da ɗakunan kwanansu azuzuwa, ba su da filin da akuya za ta yi tsalle. Sau ɗaya a shekara sukan ari fili, a yi wa yara ɗinkin riguna, a kira iyaye, a ɗauki hoto, shi ke nan an gama wasannin bana. Waɗannan yara abin tausayi ne, ba abin tsoro ba. Iri na biyu su ne 'yan ƙalilan masu ƙarfi, masu mota da takalma da mai horarwa na musamman. Babban makaminsu kuwa ba takalman ba ne. Makarantar Gwamnati ta jeka-ka-dawo yaran da ke kewayenta take karɓa, gwani da wanda bai iya ba. Mai kuɗi kuwa yana iya zagaya jiha duka ya tsince gwanaye ya ce ya yafe masu kuɗin makaranta. Idan yaron zai zauna aji ya yi karatu da gaske, wannan alheri ne, Allah Ya saka. Amma sau da yawa haya ce ta mako biyu.

Mun gani da idonmu, gani kuwa ya kori ji. Muna aji biyar aka haɗa makarantarmu da wata makarantar kuɗi da ba za mu ambaci sunanta ba. Wata uku muka yi muna atisaye da ƙwallo ɗaya mai faci. Ran wasa mota ta tsaya, sai ga ƙarti sun sauko da sabon aski, uku daga cikinsu mun san su sarai a wani kulob na cikin gari, ɗaya ma an sha bikinsa. Shugabanmu ya kai ƙara, aka nuna masa katin shaida mai ɗanyen tambari. Aka ci mu, muka koma gida a ƙasa. Mai tsaron gidanmu, yaro ɗan shekara 16 da ba mu taɓa ganin mai kamu irinsa ba, daga ranar bai sake sa safar hannu ba. Kuma don kada a ce mun yi son kai, mun san makarantun Gwamnati ma da ke yin wannan aika-aika. Cutar ta game ƙasa, har ta kai ga tun 2009 Hukumar FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara don gane shekarunsu. Makarantar da ta koya wa ɗalibi cewa da ƙarya ake cin kofi, kada ta yi mamaki in ya girma ya ci amanar baitulmali.

Wannan rikici ba mu kaɗai ya dama ba. A Amurka, inda wasan ƙwallonsu na makarantu yake tayar da gari duka, sun daɗe suna fama da shi. A Jihar Texas an kasa makarantun Gwamnati kashi shida bisa yawan ɗalibai, ƙananan cikinsu har mutum shida-shida suke bugawa, akasarin makarantun kuɗi kuwa gasarsu dabam. A Jihar Illinois an ɓullo da dabarar ninka adadin ɗaliban makarantar da ke ɗibar yara daga ko'ina sau 1.65, domin ta hau rukunin manya. Mu dai ba mu goyon bayan a raba gasa biyu. An riga an raba 'ya'yan masu hali da na talakawa a aji da asibiti da unguwa. Filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan kwamishina zai sha ƙafa a hannun ɗan masunci, su tashi su yi musafaha. Abin da ya kamata mu ara shi ne awo da adalci.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi da hukumar wasanni ta jiha da su duba abubuwa biyar. Na farko, a kasa makarantu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai, domin makarantar ƙauyen Augie ko Kalgo ta sami kofin da za ta iya mafarkinsa. Na biyu, kada ɗalibi ya buga wa makaranta sai ya cika shekara guda a rajistarta, a kuma liƙa sunaye da hotuna tun farkon zango inda abokan karawa za su gani. Wadda aka kama da ɗan haya a dakatar da ita, ko ta wane ce. Na uku, a auna filayen makarantun Gwamnati a kafa masu duwatsun iyaka, kuma kada a ba sabuwar makaranta izini sai ta nuna inda yaranta za su yi wasa. Na huɗu, a tsayar da lokacin gasa kowace shekara, daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu, da rukunin 'yan mata a cikin makarantunsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyar, a riƙa karɓa-karɓa da wasan ƙarshe tsakanin masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, in ya faɗo kan Argungu a haɗa shi da makon bikin kamun kifi. Kamfanonin casar shinkafa da ke cin albarkar fadamar Rima ba za su rasa kuɗin kofi da riguna ba.

Saura mu. Yana da sauƙi mu zauna kan tabarma muna zagin Gwamnati, alhali yawancinmu makarantun nan ne suka yaye mu, kuma tun ranar da muka karɓi takardar shaida ba mu sake leƙa su ba. Hutun ƙarshen zango na tafe. Kowane ɗayanmu ya je tsohuwar makarantarsa, ya gaida malamin wasanni, ya tambaye shi abin da ya rasa. In mutum goma suka haɗa kuɗin katin waya na mako guda, an sami ƙwallo da usur. Matasan ma'aikata kuma, ku ne kuke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Idan kasafin wasanni ya biyo ta teburinku, ku tuna da mai tsaron gidan nan da ya ajiye safarsa. Bikin Argungu ma ya yi kimanin shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2020. Abin da gari ke so ba ya mutuwa.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin. Wassalam.