Barcin matasa: har ina za a gaskata amsar da suke bayarwa?

Tun daga shekarar 2022, doka ta hana yawancin manyan makarantun sakandare na gwamnati a jihar Kaliforniya ta Amurka fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. Hujjar ita ce matasa ba sa samun barcin da likitoci ke so su samu, wato awa 8 zuwa 10 ga ƴan shekara 13 zuwa 18. Sai dai yawancin alƙaluman da ake kafa irin wannan hujja da su daga bakin matasan suke fitowa. Takarda ake ba ɗalibi ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa. To, wa ya tabbatar da amsar?

Masana sun gwada. A 2003, Amy Wolfson da Mary Carskadon da abokan aikinsu sun wallafa binciken da suka yi kan ɗalibai 302. Sun kwatanta amsoshinsu da abin da wata na'ura mai kama da agogon hannu ta auna daga motsin jikinsu. A daren makaranta, amsa da na'ura sun kusan dacewa. A ƙarshen mako kuwa, ɗaliban sun ƙara wa barcinsu kusan rabin awa.

Dalilin a fili yake. Wanda makaranta ke tayarwa a lokaci guda kullum ya san ƙarfe nawa yake tashi. Idan babu tsayayyen lokaci, sai ya koma ƙiyasi. Akwai kuma matsalar waya: matashi ya hau gado ƙarfe 10, ya yi ta hira a WhatsApp har 12, gobe ya rubuta 10. Iyaye ma ba sa warware matsalar, domin bincike a Ostireliya ya nuna sukan zaci ƴaƴansu na barci fiye da yadda suke yi.

A nan ne batun ya shafe mu. Waɗannan tambayoyi an tsara su ne don mai barci sau ɗaya a dare. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram yakan tashi sallar asuba, wani ya koma ya kwanta, wani ya yi ƙailula da rana. A zafin Afrilu barci kan yanke, a watan azumi tsarin duka kan sauya. Idan an tambaye shi awa nawa ya yi, wanne zai lissafa?

Saboda haka fassara takardar daga Faransanci zuwa Hausa bai wadatar ba. Sai an gwada ta da na'ura a kan ɗalibanmu, a yanayi daban-daban, kafin a gina wata shawara a kanta. Kafin nan, mai shirin jarrabawar BEPC ko BAC na iya gwada kansa: kowace safiya har mako biyu, ya rubuta lokacin da ya ajiye waya, lokacin da ya tashi, da barcin ranar jiya.