HUTUN IYALI A ƘASAR WAJE: A AUNA KAFIN A YANKI TIKITI

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana, watau maigida ya ɗebi iyalinsa su tafi hutu na mako ɗaya ko kwana goma a Makka da Madina, ko Alƙahira, ko Dubai. A da sai attajiran Kano da Kaduna ake ji da wannan, amma yanzu har a Dutsin-Ma da Kurfi akan sami ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci yana lissafinta, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 garin ya ƙara cika da ma'aikata. Tambayar da ke yawo ita ce, shin ya halatta mutum ya sayi kujerun gaba na jirgi, waɗanda ake kira na alfarma, don shi da iyalinsa?

Amsarmu a taƙaice ita ce, kujerar ba haram ba ce. Suratul A'araf, aya ta 31 da ta 32, ta yi umurni da ci da sha, ta hana ɓarna, sa'an nan ta yi inkari ga wanda ya haramta kyawawan abubuwan da Allah Ya fitar wa bayinSa. Suratul Furƙan kuma, aya ta 67, ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Saboda haka abin dubawa shi ne wane haƙƙi aka tsallake kafin a kai ga wannan kujera.

Bari mu fara da abin da kuɗin ke saya. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda ko Alƙahira tafiyar awa biyar ce ko ƙasa da haka. Mai kujerar gaba yana samun wurin miƙe ƙafa, da ɗakin jira na musamman, da abinci mai kyau, da ƙarin kaya, domin galibin kamfanoni suna ba shi akwati biyu masu kilo 32 maimakon masu kilo 23. Amma kuɗin yakan ninka na kujerun baya sau biyu, wani lokaci har sau huɗu, kuma yaron da ya cika shekara biyu sai an saya masa tasa kujerar, ko da da ɗan rangwame. To, maigida da uwargida da 'ya'ya uku kujera biyar ke nan, zuwa da dawowa. Bambancin da za a biya don jin daɗin awa goma sau da yawa ya isa ya ƙara wa iyali kwanaki a masauki na kusa da Harami, ko ya biya wa wata tsohuwa a dangi kuɗin Umarar da ba ta taɓa yi ba.

Lalle ne kuma a tuna da halin da Naira ke ciki. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura N1,500. Kuɗin kujerar Hajji da ke kusa da Naira miliyan 3 a 2023 ya wuce miliyan 8 a 2025. Wanda ya yi lissafi da farashin da maƙwabcinsa ya tafi da shi shekarun baya, zai tsinci kansa cikin bashi tun bai bar gida ba.

Ga haƙƙoƙin da muke ganin sun riga kujerar gaba. Na farko bashi, domin ya tabbata a hadisi cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ba daidai ba ne mai shago a kasuwar Dutsin-Ma yana bin mutum kuɗin buhunan shinkafa, ko magini yana jiran ladansa, sa'an nan ya ga hoton mai bashin a kishingiɗe cikin jirgi. Na biyu zakka, ga wanda dukiyarsa ta kai nisabi, watau kimar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta kewayo mata. Na uku Hajjin farilla: wanda bai sauke shi ba, alhali kuɗin hutun za su kai shi, ya san abin da ya fi cancanta. Na huɗu kuɗin makarantar yara da abincin waɗanda za a bari a gida. Babban hutun makaranta yana faɗowa a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada a ƙauyukan Kurfi, ga kuma 'yan'uwa da rashin tsaro ya raba da gonakinsu.

Sai batun adalci cikin gida, wanda shi ne ya fi haddasa rigima. Mai mata fiye da ɗaya ya sani Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Malaman Malikiyya sun ce miji yana da zaɓi a tafiye-tafiye, sai a Hajji da jihadi ne zai yi ƙuri'a, amma a hutun jin daɗi ƙuri'a ko karɓa-karɓa ta fi kwantar da zukata. Haka nan 'ya'ya: hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya hana fifita wani ɗa da kyauta. In za a tafi da 'ya'yan ɗaki ɗaya bana, to, na ɗaya ɗakin su ji daga bakin mahaifinsu yaushe nasu zai zo.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba mu ga kyawunta ba, watau maigida ya sayi kujerar gaba shi kaɗai, ya bar uwargida a baya tana fama da yara da jakunkuna. Wannan ba hutun iyali ba ne, hutun maigida ne. In kuɗin kujera ɗaya ko biyu kawai ake da su, a ba tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, ko marar lafiya. A nan ne kujerar alfarma take zama biyayya ga iyaye da tausayi, har a sami lada a kanta.

Wanda ya sauke duk waɗannan, to, bismillah, sai shiri. A tabbata fasfon kowa, har jariri, yana da sauran wata shida. A nemi biza kafin a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, domin dokoki na sauyawa: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza a 2022, ba ta janye ba sai a 2024. A tanadi katin rigakafin shawara, da na sanƙarau ga masu Umara. Kada a miƙa kuɗi ga dillalin da ba shi da rajista. Tafiya daga Dutsin-Ma ko Kurfi zuwa Kano a yi ta da rana, ko da za a kwana can, kuma a rage shelar tafiya da baza hotuna a waya, saboda halin da yankinmu ke ciki.

Game da ibada, tafiyar ta wuce mil 48 da Risala ta ambata, saboda haka ana ƙasaru a hanya. Amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cur a gari ɗaya, sai ya cika sallarsa. Mai Umara da zai sauka Jidda ya ɗaura harami kafin jirgi ya kai daidai miƙati. A sani kuma wasu kamfanoni suna raba giya, musamman a gaba, alhali irin su Saudia da EgyptAir ba sa rabawa, kuma wannan abin lura ne ga mai tafiya da yara.

A ƙarshe muna ba da shawara maigida ya zauna da iyalinsa, ya rubuta kuɗin kujerun gaba da na baya gefe da gefe, ya tambaye su abin da suka fi so a yi da bambancin. Sau da yawa amsar uwargida takan fi ta dillali amfani. Allah Ya ba mu halal, Ya sa mu kashe ta inda Ya yarda, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.