Sabuwar Riga Da Dokar Gini

Akasarin gidajen kwana na ƙasar Amurka da katako a ke gina su. A kan kafa ginshiƙai jere, a bar rami tsakanin kowaɗanne biyu, sa'an nan a rufe su daga waje da alluna na katako, ko na roba, ko na siminti. Waɗannan alluna na waje su ne rigar gida, su ke tare ruwa da iska. Riga kuwa ta kan tsufa, tilas wata rana mai gida ya kira magina su kware ta su sa sabuwa. To, a wannan rana ce a kan yi gardama tsakanin mai gida da ma'aikacin duba gini, kuma gardamar ta isa masu karatu su saurara.

Asalin maganar tun 1973 ne, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, tsadar ɗumama ɗaki ta kai wa mutane iya wuya. Daga nan hukumomi suka shiga kafa dokokin tsimin makamashi. Jihar Kalifoniya ta fara aiki da tata cikin 1978. Yau akwai wani kundi da a ke kira IECC, a kan sabunta shi kowace shekara 3, kowace jiha kuma ita ke da ikon ɗauka, ko ragewa, ko ƙi. Kundin ya raba ƙasar kashi 8 bisa ga zafi da sanyinta, ya faɗi irin makarin da za a sa a bangon kowane kashi, watau abin da ke hana ɗumi fita da hunturu, ya hana zafi shiga da bazara.

Dā a kan cusa audugar gilas cikin ramukan nan, shi ke nan. Amma aka lura kusan rubu'in bango katako ne zalla, zafi kuwa ya kan bi ta jikin ginshiƙi ya wuce abinsa. Sabo da haka bugun 2021 ya ƙarfafa a yankuna masu sanyi a shimfiɗa allunan soso a bayan ginshiƙan duka, ba yankewa, kafin a ɗora riga. Wannan ga sabon gini ke nan. Ga tsohon gida an sassauta: in an buɗe ramin bango lalle a cika shi, in kuwa riga kaɗai aka taɓa, ba a tilasta kome.

Ingila ba ta yarda da wannan sassauci ba. Dokarta ta ce wanda ya sabunta fiye da rabin fuskar bango sai ya gyara makarinsa, sai fa in aikin ba ya yiwuwa, ko kuwa kuɗin da za a kashe ba zai dawo ta ragin kuɗin wuta cikin shekara 15 ba. Faransa ma tun Janairu 1 ga wata, 2017, ta ɗora irin wannan sharaɗi a kan mai babban gyaran fuskar gini.

Mu dai a ganinmu Ingila ta fi kusa da daidai. Ranar da aka kware riga, an riga an kafa tsani, an biya magina, bango ya na tsirara. Ba wata rana da sa makari zai fi araha. In aka mayar da sabuwar riga ba a sa ba, an rufe ƙofa ke nan har shekaru masu yawa, kuma wanda zai biya kuɗin wutar sau da yawa ɗan haya ne ko magaji, waɗanda ba a shawarce su ba.

Duk da haka kada a ɗauka kukan mai gida na banza ne. Soso mai kaurin inci 1 ko 2 ya kan tura bango waje, sai taga da ƙofa su nutse ciki, tilas a ƙara musu baki, a sake gyaran magudanar ruwa, a nemo ƙusa mai tsawo. Kowanne kuɗi ne. Ga kuma haɗarin laima: in soso ya yi siriri a ƙasa mai tsananin sanyi, tururin cikin ɗaki ya kan zama raɓa a jikin katako, ya ruɓar da shi a ɓoye, ba mai sani sai ɓarna ta yi nisa. Talakan da ya ga lissafi ya fi ƙarfinsa, ko dai ya bar tsohuwar riga ta na yoyo, ko ya yi aikin a sace ba takardar izini. Duka biyu hasara ce ga hukuma. Gwamnatin Amurka ta ɗan rage nauyin daga 2023, ta na yafe haraji kashi 30 cikin ɗari na kuɗin makari, iyakarsa Dala 1,200 a shekara, amma wannan rangwame ya ƙare da ƙarshen 2025. Janye shi kuskure ne a wurinmu.

Mu nan ba mu sa wa gida irin wannan riga, zafinmu kuwa ta rufin kwano ya fi shigowa. Dokar tsimin makamashi ta gini wadda Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta fitar cikin 2017 ta ambaci sa makari a rufi da rage faɗin tagogi. Muna roƙon hukumomin da ke ba da izinin gini su duba ranar da a ke sauya kwanon makaranta ko na ofis, su fara da gine-ginen hukuma, su tabbata an sa makarin kafin kafinta ya buga ƙusar ƙarshe. In an zo kan gidajen jama'a kuwa, a rubuta musu sharaɗin shekarun dawowar kuɗi a fili, da Hausa, yadda mai gida zai iya lissafawa da kansa a gaban akawu.