Yanke Tallafi Ba Ya Buɗe Ƙofar Aiki

'Yan'uwa, a tarurrukan dattawan ikilisiya akan ji wannan magana: matashin da ake taimaka wa daga asusun ikilisiya, in ya yi watanni bai sami aiki ba, a daina ba shi, yunwa za ta tashe shi. Akan kuma kawo gargaɗin Manzo Bulus ga Tasalonikawa. Amma Bulus yana magana ne kan wanda ya ƙi aiki, ba wanda ya nema ya rasa ba.

An riga an gwada wannan dabara a wasu ƙasashe. A Ingila an tsananta doka a 2012, har ana iya tsayar da tallafin mutum shekara uku idan ya ƙi aiki sau uku. A 2019 aka rage zuwa wata shida. Binciken ma'aikatar da ke biyan kuɗin, wanda aka fitar a 2023, ya nuna cewa waɗanda aka hukunta ba su fi sauran saurin samun aiki ba, kuma da suka samu, abin da suke karɓa bai kai na sauran ba. A Jamus ma, a 2019, kotun tsarin mulki ta hana yanke fiye da kashi 30 cikin ɗari.

Mu dawo gida. Shirin N-Power ya fara a 2016 da naira 30,000 a wata. A 2020 aka sallami mutum wajen 500,000 na rukuni biyu na farko. A Daura, wace ma'aikata ce ke jiransu? Aikin gwamnati sai da uwa a gindin murhu, mu kuwa da ba mu da yawa mun fi kowa sanin haka. Noma na damina ne. Ciniki ta Kongolam kuma rufe iyaka na 2019 ya karya shi. Neman aikin kansa kuɗi yake ci: kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, kuɗin hoton takardu, kuɗin intanet. Wanda aka yanke wa tallafi, wannan tafiyar ce zai fara sokewa.

Ba mu ce babu malalata ba. Akwai su, dattawa kuma sun san su da suna. Shawararmu ita ce, kafin a cire wani daga jerin masu karɓa, dattawa biyu su zauna da shi su ji inda ya nema. In akwai tela, kafinta ko makanike a ikilisiya da zai ɗauke shi koyon sana'a, a ci gaba da ba shi kuɗin abinci har ya gama.