Daga Malam Madori: Gem mai usur da gem marar usur

 Makon jiya hidimar biki ta kai ni Malam Madori, na yi kwana uku a gidan gwaggona. Rana ta biyu bayan La'asar na nemi ɗanta, wanda yake aji shida na sakandare, don ya raka ni gaishe-gaishe, sai aka ce in duba shagon caji na bakin titi. Can kuwa na same shi. Gaisuwar da ba mu yi ba ke nan ran nan, don ni ma da na shiga sai da aka kira Magariba na fito.

Bayan shagon akwai wata 'yar rumfar kwano, da benci uku, da talabijin biyu, kowace an haɗa ta da PlayStation. Janaretan da ke cajin wayoyin unguwa shi ke ba su wuta. Dokar wurin mai sauƙi ce: wanda aka ci shi ke biya, kuma ya tashi ya ba wani hannun gem ɗin. Ƙwallo kawai ake bugawa. Har yanzu yaran "PES" suke cewa, ko da yake kamfanin Konami na Japan ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball tun 2021. Haka ma ɗayan, "FIFA" suke kiransa, alhali kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, tun 2023 sunan wasan EA Sports FC. Musu kan wanda ya fi kyau ba ya ƙarewa. 'Yan PES suka ce nasu ya fi kama da ƙwallon gaske, sai ka yi haƙuri ka tsara fasin kafin ka kai raga. 'Yan FIFA suka ce nasu ya fi kyan hoto da 'yan wasa na ainihi. Wani yaro da ke gefe ya ce shi duk wanda aka sa masa Osimhen a ciki ya ishe shi.

Ni ɗan zamanin wasan maciji ne a Nokia 3310, amma na ce a ba ni hannu. Wani ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, wanda ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa daga kan benci, ya zura mini huɗu ba ko ɗaya. Da ya ci ta huɗun ya waiwayo da ladabi ya ce, "Yaya, ka daina danna gudu kullum, 'yan wasanka sun gaji." Na biya, na tashi.

Duk da kayen da na sha, wannan shi ne gem ɗin da ya fi kwanta mini a rai cikin duk waɗanda na gani. Wasa ɗaya minti goma ne ko ƙasa da haka. Alƙali ya hura usur, an gama. Abokin karawarka yana zaune kusa da kai, kana jin dariyarsa, 'yan kallo suna yi maka tsiya, kuma idan kuɗinka ya ƙare ko mai shago ya kashe janareta dole ka tafi gida. Ya yi mini kama da dara da dattawa ke yi a gindin bishiya: akwai ci, akwai faɗuwa, akwai lokacin tashi. Abin da ya rage mini daɗi shi ne duk cikin jerin ƙungiyoyin ba Kano Pillars, ba Jigawa Golden Stars. Wani yaro ya nuna mini yadda ya rama a wayarsa: a Dream League Soccer mutum ke raɗa wa ƙungiyarsa suna ya zaɓa mata riga, shi kuwa ya sa mata sunan unguwarsu, kuma a cewarsa ta riga ta lallasa manyan Turai.

A ƙofar shagon kuma akwai wani rukunin, su huɗu, kowa ya sunkuya kan waya, ba mai kallon wani. Free Fire suke bugawa, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017. Ga waɗanda ba su san shi ba: mutum 50 ake saukewa daga jirgin sama a kan wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin yana ta tsukewa, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. PUBG Mobile ma haka yake, sai dai shi mutum 100 ne, kuma ya fi son babbar waya. Shi ya sa Free Fire ya fi karɓuwa a wurare irin namu, don an gina shi ne ya yi aiki a ƙananan wayoyi. Na tambaye su me ke ɓata musu rai a ciki, baki ɗaya suka ce sabis. Kana tsaka da fafatawa sabis ya ɗauke, kafin ya dawo an gama da kai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wasan yana da daɗi. Na ga yadda su huɗun ke raba aiki, wannan ya tsare baya, wancan ya ɗaga wanda ya faɗi, kuma Turancin da ke allon duk sun iya karanta shi ba tare da ƙamus ba. Harbe-harben bai burge ni ba, a ƙasar da muke jin labarin bindiga a rediyo kusan kullum, amma wannan ra'ayina ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Irin waɗannan wasanni ba su da usur. Ana gama zagaye ɗaya maɓallin na gaba yana jiranka. Akwai kyautar da ake ba wanda ya shiga kowace rana, akwai matsayi da ake hawa ana sauka, akwai tufafi da kayan ado da ake saya da dayamon, shi kuma dayamon da kuɗi ake sayensa. Saukar da wasan kyauta ne, gaskiya. Amma data ba kyauta ba ce, caji ba kyauta ba ne, kuma kamfanin da ya ba ka wasa kyauta yana cin abincinsa ne daga daɗewar da ka yi a ciki.

Da na koma gida na tarar da 'yan mata da nasu. Su ba sa zuwa rumfar gem, wayar gwaggo suke karɓa bayan an gama wanke-wanke. Candy Crush da Ludo King ne nasu, ludon kuwa har da gwaggo ake yi, kuma an shaida mini ba ta yarda da faɗuwa. Ƙaramar cikinsu ta fi son Subway Surfers, wanda aka yi a ƙasar Denmak a 2012, inda yaro ke gudu a kan layin dogo mai gadi da karensa suna bin sa. Na yi dariya na ce mata ai ga layin dogo nan a garinku, wanda ya taso daga Kano ya nufi Nguru, shi ya raya garin nan zamanin cinikin gyaɗa. Ta ce ita dai na cikin waya ya fi jirage. Shi ma wannan gudun ba shi da ƙarshe, sai dai in ka yi karo.

Da dare ne ɗan gwaggon nawa ya ba ni labarin da ya sa na rubuta wannan. Ya kuma yarda in faɗa muku, da sharaɗin ba suna. Watanni biyu da suka wuce gwaggo ta sayar da shinkafar da ta samu daga fadama, ta ba shi kuɗin littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB. A wani zauren hira na waya wani da bai taɓa gani ba ya ce yana sayar da dayamon a rabin farashi. Ya tura masa kuɗin. Mutumin ya ce sai ya turo lambar sirrin shiga asusunsa don a zuba masa. Ya tura. Kuɗi ya tafi, asusun da ya shekara yana ginawa ya tafi, mutumin ya toshe shi. Har ranar da muke maganar gwaggo ba ta sani ba, littafin abokinsa yake arowa yana nuna mata.

Na tambaye shi wanne ya fi yi masa ciwo, kuɗin ko asusun. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, asusun." Ya ce ya buɗe sabo, kuma yakan kai ƙarfe biyu na dare a kai don ya maido matsayinsa, da safe kuma a darasin farko idonsa ba ya buɗuwa.

Wannan ba matsalar Malam Madori kaɗai ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin kundin cututtukan da ta amince da su. Ba ta ce duk mai buga gem marar lafiya ne ba, kaɗan ne daga cikin masu bugawa abin ke kai su can. Alamomin da ta ambata su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a ɗauki kamar shekara ana haka. Ƙasar Sin kuwa doka ta kafa a 2021: 'yan ƙasa da shekara 18 ba za su buga gem na intanet ba sai awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ni ba na fatan gwamnati ta riƙe mana agogo, kuma na san a nan ko an kafa dokar da wayar Inna za a karya ta.

Ban ce masa ya daina ba, don na san ba zai ji ba, ni ma a shekarunsa da ban ji ba. Yarjejeniya muka yi. Daga yanzu har ya ajiye alƙalamin NECO, wayar za ta riƙa kwana a ɗakin gwaggo bayan Isha'i. Ranar Asabar da yamma rumfar gem tasa ce, ya je ya buga mai usur. Lambar sirri kuwa ba ya sake ba kowa, ko da wanda ya nema ya rantse da abin da zai rantse. Littattafan na saya masa a Haɗeja washegari, amma na ce maganar kuɗin shinkafa shi zai faɗa wa gwaggo da bakinsa, ba ni ba.

Ya faɗa mata da safen da zan taho. Ina tsakar gida ina ɗaure jaka na ji ta yi salati, ta yi faɗa iya faɗa, daga baya ta ce ya miƙo wayar. Da na leƙa yin sallama na same ta riƙe da ita, tana tambayar 'yar autarta ko wannan ma akwai ludo a ciki.

Ku rubuto mini gem ɗin da ake yayi a garinku da abin da kuka gani a cikinsa, musamman ku 'yan mata, don rumfar maza kawai na shiga. Shi kuma ɗan aji biyun nan, a faɗa masa ina nan dawowa da hutun ƙarshen zango, kuma na daina danna gudu.