Kafin Ka Zargi Rediyon Mota, Duba Faifan da Gudun da Aka Zuba Shi

Mu da muke riƙe da wayoyi mun ɗauka faifan CD ya mutu. Amma ka leƙa motocin haya da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal, ko ɗakunan iyayenmu a Sanyinna, za ka tarar har yanzu da shi wasu ke sauraron tafsiri da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kuma mu matasa ake aika mu zubo. Idan faifan ya fara cijewa yana tsalle, sai a ce na'ura ce ta tsufa. A ganina, sau da yawa laifin yana wurin emtin faifan da aka saya da kuma gaggawar da aka yi wajen zubawa.

Faifan kamfani, irin wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, buga shi ake yi da ƙananan ramuka na dindindin. Shi kuwa CD-R da muke saya emti, wani siririn rini ne a cikinsa, hasken leza na kwamfuta yana bi yana ƙona ɗigo-ɗigo a jikinsa. Na'urar sauraro waɗannan ɗigogin take karantawa. In rinin mai arha ne, ko ba a shimfiɗa shi daidai ba, ɗigogin sukan fito dishi-dishi. Kwamfuta na iya haƙuri ta karanta, amma tsohon rediyon mota mai ƙura a ido, ga gargadar hanya, ba zai iya ba.

Sai batun gudu. Alamar 1x na nufin faifan minti 80 zai ɗauki minti 80 ana zuba shi. A 52x kuwa, cikin kamar minti uku an gama, faifan na juyawa kusan sau 10,000 a minti ɗaya. A wannan gudun lezar ba ta samun isasshen lokaci kan kowane ɗigo, kuma faifan da bai daidaita ba rawa yake yi. Kurakurai sai su yawaita. Tsarin CD yana gyara ƙananan kurakurai da kansa, amma in sun fi ƙarfinsa sai ya yi kintace, ko ya tsallake. Tsallen da kake ji ke nan.

Wasu na cewa a sauka har 1x ko 2x don sauti ya fi daɗi. Ban yarda ba. Muddin an karanta faifan ba kuskure, sautin ɗaya ne. Kuma emtin yanzu don gudu mai yawa aka yi su, jan ƙafa fiye da kima ma na iya ɓata aikin. Tsakiya ta fi, wato 8x zuwa 16x. A 16x minti biyar zuwa shida ne kacal.

Na san uzurin masu shagon turi: janareta na shan mai, mutane na jira. Gaskiya ne. Sai dai faifan da aka dawo da shi bayan mako ɗaya ya ci mai sau biyu, ya kuma ci mutuncin shago.

Don haka in an aike ka, nemi emti mai sunan kamfanin da aka sani, kamar Verbatim, ka lura da jabu. Ka guji CD-RW, tsofaffin na'urori da yawa ba sa ganinsa. A manhajar Nero ko CDBurnerXP ka zaɓi Audio CD, domin faifan MP3 ba kowane rediyo ke karanta shi ba. Ka tabbata an rufe faifan bayan zubawa. Kada a yi rubutu da biro a samansa, saboda wurin da bayanan suke ya fi kusa da can. Kada kuma a bar shi a gaban mota, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, rana na kashe rinin.

Abin da ya fi damuna shi ne faifan da ba shi da na biyu: karatun malamin unguwa da ya rasu, ko muryar kaka a ranar biki. Irin wannan, kwafe shi yau zuwa kwamfuta, ka sa a memori, ka ɗora a Google Drive, tun yana karantuwa. Emti mai arha ba ya yin sallama kafin ya mutu.