Ƙirar Fari Halal Ce, Amma Tana Da Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya halarci hawan Sallah a Rano, ya ga mahaya daga Kibiya da Bunkure, ya san irin ƙawar da ake yi wa doki da mahayinsa. Yawancin wannan ƙyalƙyali aikin maƙeran fari ne, masu narka azurfa su ƙera zobe da munduwa da kan ɗamara, sana'ar da aka gada tun zamanin da ake narka kuɗin Mariya Tereza masu ɗauke da shekarar 1780. Wasu matasa, saboda ɗokin gyara, sun ce duka haramun ne. Wasu kuwa sun ce gado ne, ba ruwan malami. Duka biyun sun kauce hanya.

Azurfa ba najasa ba ce. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne. Mata kuma an halatta musu ado da ita da zinariya. Saboda haka maƙerin da ke zaune gaban zugazugi yana neman halaliyarsa ya fi mai zaman kashe wando daraja.

Sai dai akwai iyaka, kuma tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa namiji na iya ƙawata zobe da takobi da Alƙur'ani da azurfa, amma ban da linzami da sirdi da wuƙa. Shehu Halil cikin Muhtasar ya ambaci ɗamara da sunanta cikin abubuwan da aka hana. Gaskiya ne Hanafiyya da Hambaliyya sun yi sassauci game da ɗamara, don haka ba abin jifan juna da fasiƙanci ba ne. Amma mai cewa shi Bamalike ne, ai ya kamata ya san abin da mazhabarsa ta faɗa.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne riba. Mace ta kai tsohuwar munduwa, a ba ta sabuwa wadda ba ta kai nauyinta ba, a ce ragowar ladan aiki ne. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa wani maƙeri ya tambayi Abdullahi ɗan Umar irin wannan, ya hana shi. Azurfa da azurfa sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Mafita mai sauƙi ce: a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabuwar. Haka nan gauraya ta da dalma a sayar da sunan tsantsa algus ne, ƙera gidan laya kuwa taimako ne a kan ɓata tauhidi.

Muna kira ga malamanmu na Rano da Kibiya da su je maƙera da kansu su karantar da babin ciniki, domin wa'azin kan mumbari ba ya isa bakin wuta. Masu saye kuma su daina matsa wa maƙeri ya yi abin da Shari'a ta hana. Idan rua ta gyaru, sana'a ta tsira, arziki ya yi albarka.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum.